Kati 3,000 a Ƙarƙashin Gado: Nazarin Watanni 18 na Wata Ƙaramar Sana'ar Katin Gaisuwa

Asalin lamarin

Wadda wannan nazari ya shafa ma'aikaciyar ofis ce da ta shafe shekaru tana zane da fentin ruwa a lokacin hutunta. Idan abokiyar aiki ta haihu, ko wani ɗan uwa ya kwanta asibiti, takan ninka kwali gida biyu, ta yi zane a fuskarsa, ta rubuta 'yan kalmomi a ciki ta aika. Waɗanda suka karɓi irin waɗannan katuna sun yi ta faɗa mata cewa abin ya isa a kai shi kasuwa, har dai ta yarda. Ba ta ajiye aikinta ba. Ta ware wa sabuwar sana'ar kimanin sa'o'i 15 a mako, da daddare da kuma ranakun hutu, jarinta kuwa abin da ta tara ne daga albashi, babu bashin kowa a ciki.

Alƙaluman da za su biyo baya an ɗauko su ne daga littafin shiga da fita da take rubutawa tun ranar farko, da kuma takardun oda. Ana ƙirga watannin daga watan da ta fara kashe kuɗi, kuma ba a kawo adadin kuɗin ba, sai kason da kowane abu ya ci.

Wata na 1 zuwa na 2: suna, tambari da bugun farko

Abin da ta fara da shi shi ne suna. Ta haɗa rabin wata kalma da rabin wata ta samar da sabuwar kalma mai haruffa 11, wadda ba ta da ma'ana a kowane harshe, dalilinta kuwa shi ne babu wanda zai riga ta amfani da ita. Ta biya wani mai zane ya yi mata tambari mai kala huɗu da rubutun hannu mai lanƙwasa, ta sa aka yi mata ƙananan akwatunan kwali masu ɗauke da tambarin, da takardun liƙawa, da shafin intanet nata na kanta. Waɗannan duka sun ci kashi 35 cikin ɗari na jarin kafin a buga ko kati ɗaya.

Daga nan ta zaɓi zane 30 daga cikin waɗanda ta fi alfahari da su. Guda 14 na ranar haihuwa ne, shida na aure, huɗu na samun ƙaruwa, biyu na godiya, sauran huɗun kuma biyu na ta'aziyya, ɗaya na mai jinya, ɗaya na neman afuwa. Ta zaɓi siffa mai kusurwa huɗu daidai, milimita 150 tsawo, 150 faɗi, domin a ganinta zanen fure ya fi zama da kyau a irin wannan fili. Maɗaba'ar da ta je ta nuna mata cewa kuɗin kowane kati yana raguwa sosai idan aka buga 100 a maimakon 25, sai ta ce a buga mata ɗari-ɗari, jimilla kati 3,000, a kan kwali mai sheƙi ciki da waje, mai nauyin giram 250 a kowace murabba'in mita. An tambaye ta ko tana son a fara buga mata samfuri ta gani, ta ce a'a, saboda akwai ƙarin kuɗi da jinkirin mako guda. Bugu da ambulan sun ci kashi 45 na jarin. Kashi 20 da ya rage ta ajiye shi domin talla.

Da kayan suka iso, kalar ba ta fito kamar yadda take a kwamfuta ba. Shuɗin da ke haskawa a allo ya koma duhu-duhu, ruwan lemo mai ƙyalli ya dusashe. Musabbabin sananne ne ga masu sana'ar bugu: allon kwamfuta yana haɗa kala ne da hasken ja da kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB, alhali injin bugu yana aiki da tawada huɗu, wato CMYK, kuma akwai kaloli masu haske da tawada ba ta iya kaiwa gare su. Ita kuwa a tsarin allo ta aika da zanen. A zane bakwai kuma an sami siririn farin layi a gefe, domin ba ta bar rarar milimita 3 da ake bar wa wuƙar yanka ba. A bayan kowane kati an buga tambarin da girma a tsakiya, babu adireshin shafi, babu lambar zane.

Wata na 3 zuwa na 4: buɗewa

Ta sanar da buɗewa a shafukanta na Facebook da Instagram. A wata na 3 an sayi kati 140, a wata na 4 an sayi 50. Da ta bi sunayen masu odar, kusan kowa ta san shi: dangi, abokan aiki, tsofaffin 'yan ajinsu. Mutum shida ne kawai baƙi.

A wannan lokaci ne kuɗin aikawa ya fara zama matsala. Akwatin kwalin da ta yi ya sa kowace oda ta tashi daga matsayin wasiƙa ta koma ƙaramin ƙunshi a gidan waya, har kuɗin aika kati ɗaya ya kusa kamo kuɗin katin kansa. Wata mai saye kuma ta rubuto mata cewa da ta je tura katin ga wanda ta saya dominsa, an ce kan sarki ɗaya bai isa ba. Wannan ba sabon abu ba ne: wasu hukumomin gidan waya, ciki har da ta Amurka, suna karɓar ƙarin kuɗi a kan ambulan mai kusurwa huɗu daidai, saboda injin da ke tantance wasiƙu ba ya iya sarrafa shi yadda yake sarrafa mai tsawo.

Wata na 5 zuwa na 8: tallar kuɗi, gasa da rangwame

Ganin cinikin 'yan uwa ya ja baya, sai ta fara biyan talla a dandalin sada zumunta. Hotunan tallar na katunan ne a jere a kan farin tebur, tambarin a sama, da jimla guda da ke cewa katuna ne na hannu domin kowane irin lokaci. Wajen zaɓen waɗanda za a nuna wa tallar, ta saka masu sha'awar zane, fentin ruwa da kayan rubutu.

Mabiyanta sun tashi daga 300 zuwa 2,400 a cikin watanni huɗu. Oda 74 ce ta shigo ta hanyar tallar, kati 96 ke nan, domin yawancin masu saye ɗaya suke ɗauka. Da ta raba kuɗin tallar a kan yawan odar, sai ta ga kowace oda ta ci mata abin da ya ninka ribar da ke cikinta kusan sau uku. A wata na 6 ta shirya gasa, duk wanda ya bi shafin ya kuma ambaci abokai biyu zai iya cin kati goma kyauta. Mutum 700 suka ƙaru a mako ɗaya, kusan rabinsu suka fice bayan an sanar da wadda ta ci, oda biyu kacal aka samu. A wata na 7 ta yi rangwamen kashi 30 na tsawon kwana goma. Ciniki ya ɗan motsa, da wa'adin ya cika ya koma inda yake, wasu ma suka riƙa aiko saƙo suna tambayar yaushe za a sake yin rangwame. Da ta duba shafukan sababbin mabiyan ɗaya bayan ɗaya, da yawansu masu zane ne irinta, suna yaba hannu, suna tambayar irin fenti da burushin da take amfani da su.

A ƙarshen wata na 8 kuɗin tallar ya ƙare. Jimillar abin da aka sayar a watanni huɗun, har da cinikin da bai biyo ta talla ba, kati 176 ne. Sauran suna cikin katan-katan a ƙarƙashin gadonta.

Wata na 9: zagayen shaguna

Ta ɗauki samfuri a jaka ta zaga shaguna tara masu sayar da littattafai, kayan rubutu da kayan kyauta. Bakwai sun ƙi, mafi yawansu cikin ladabi ba tare da faɗin dalili ba. Biyu sun karɓi kati sittin-sittin da sharaɗin abin da aka sayar za a biya, abin da ya yi kwantai ta zo ta kwashe.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓa dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, kuma shi kaɗai ya tsaya ya nuna mata abin da yake gani. Ya ɗauki kati ɗaya, bai ko buɗe shi ba, ya nufi kantar katuna ya zura shi a layi na uku. Irin wannan kanta hawa-hawa take kamar matakala, kowane layi yana rufe na bayansa, sulusin sama na kati kaɗai ke fitowa fili. Katin nata bai shiga gurbin ba sai da ya ture na kusa da shi, da ya zauna kuma abin da ake gani shi ne shuɗin sararin sama, furannin da rubutun duk sun nutse a ƙasa.

Ya ce, "'Yata, zo ki tsaya nan inda mai saye yake tsayawa. Wannan katin na mene ne?"

Ta ce, "Na ranar haihuwa ne, Baba."

Ya ce, "Ke kika san haka, don ke kika zana. Wanda zai shigo nan da mutum ɗaya yake shigowa a ransa, kuma sauri yake yi. Idonsa rubutu yake nema. In bai gani ba, hannunsa ba zai ma kai wurin ba."

Sai ya zaro alƙalami daga aljihu, ya buɗe katin ya rubuta kalma biyu a ciki, ya goga babban yatsa a kai. Tawadar ta bi yatsan ta yi baƙin shafe a kan sheƙin kwalin. Ya miƙa mata ba tare da ya ƙara komai ba.

Kantar da dattijon ya yi misali da ita tana da tarihi a wannan sana'a. Kafin shekarun 1930, shaguna da yawa a cikin aljihun tebur suke ajiye katuna, sai mai saye ya tambaya a fito masa da su. Kamfanin Hallmark, wanda Joyce Hall ya fara a birnin Kansas na Amurka a 1910, yana cikin waɗanda suka yaɗa tsarin jera su a fili inda ido zai kai, kuma tun daga lokacin masu zana kati suke tsara fuskarsa da la'akari da ɗan abin da kanta za ta bari a gani.

Batun farashi shi ne na ƙarshe da suka tattauna. Abin da aka saba a cinikin sari na katuna shi ne mai shago ya saya a kan kusan rabin farashin da zai sayar, kuma yakan ɗauki guda shida-shida na kowane zane. Ita kuwa kati ɗaya, da ambulan da akwati da takardar liƙawa, yana cin mata kashi 45 na farashin da ta sa. Idan ta sayar a kan rabi, kashi 5 ne nata, kafin a cire kuɗin mota.

Wata na 10 zuwa na 11: bin littafin oda

Bayan mako shida, shagunan biyu sun sayar da kati 23 da 31. Da aka haɗa da 'yan odar da suka ci gaba da shigowa ta intanet, jimillar abin da aka sayar tun buɗewa ya kai 450, saura 2,550.

A nan ta dakatar da komai, ta zauna da littafin ta ware ciniki zane-zane, abin da ba ta taɓa yi ba. Zane huɗu ne suka kawo kati 236, sama da rabin duk cinikin: biyun ta'aziyya, na mai jinya, da na neman afuwa. Sauran 26 suka raba 214 a tsakaninsu, kusan takwas-takwas ke nan, kuma mafi yawan waɗannan 'yan uwa ne suka saya a watannin farko. A shagon dattijon, daga cikin 31 da aka sayar, 22 daga cikin huɗun nan suke. Abin da ya haɗa huɗun, ban da maudu'insu, shi ne ta zana su ne a wani lokaci da ita kanta take jinyar mahaifinta, ba su da kala da yawa, rubutunsu yana sama, kuma a kowanne akwai wani ɗan tsuntsu zaune a kan reshe.

Ta kuma koma ta karanta tsofaffin saƙonnin masu saye. Tambaya ɗaya ce ta fi maimaituwa, kuma a da takan amsa ta a gurguje ta wuce: me zan rubuta a ciki? Wata ta rubuto cewa maƙwabciyarta ta rasa jariri, ita mai sayen ta riƙe katin kwana uku ta kasa sa masa alƙalami.

Mutum 18 ne baƙi da suka saya fiye da sau ɗaya. Ta rubuta musu tambayoyi huɗu gajeru, 13 suka amsa. Dukansu domin wani takamaiman mutum suka saya, kuma 11 a cikin kwana biyu da jin labarin abin da ya same shi. Tara sun kasa rubuta sunan sana'ar daidai. Bakwai sun ce idan za su ba wani labarinta, mai katin tsuntsu suke ce mata. Uku sun ce wanda suka aika wa katin ya tambaye su inda ake samunsa, ya duba baya bai ga adireshi ba, ya rubuta sunan a intanet bai same shi ba.

Wata na 12 zuwa na 13: sake fasali

Ta haɗa kuɗin cinikin da ta tara da wani abu daga albashi, abin da ya kai kusan rubu'in jarin farko, ta sake farawa. Sabon sunan kalma biyu ne gajeru na yau da kullum, ɗaya daga cikinsu sunan tsuntsun nan ne. Kafin ta tsayar da shi, ta faɗa wa mutum goma a waya sau ɗaya ta ce su rubuta, tara suka rubuta daidai. Ta kuma bincika rajistar alamun kasuwanci a rukuni na 16, wanda a tsarin ƙasa da ƙasa na Yarjejeniyar Nice ta 1957 shi ne ya ƙunshi takarda da kayan bugu, har da katin gaisuwa, ba ta sami mai kama da shi ba. Tambarin ya koma tsuntsun kawai da baƙar tawada, da hannunta ta zana shi.

Ta sauya siffar katin zuwa A6, wato milimita 105 da 148, wanda ke shiga ambulan C6 da ake samu ko'ina. Wannan sauyi ya taɓa kuɗin bugu ta hanyar da ba ta zata ba. Falle ɗaya na kwalin da injin yake ɗauka, mai milimita 320 da 450, yana fitar da kati huɗu na A6 a buɗe, alhali tsohon katin, wanda a buɗe yake da milimita 300 da 150, biyu kawai ke fita, sauran kwalin kuma a shara yake ƙarewa. Ta zaɓi kwali mai giram 350 wanda cikinsa ba shi da sheƙi, ta aika da zanen a tsarin CMYK da ɗigo 300 a kowane inci da rarar yanka, ta biya kuɗin samfuri, ta kuma gwada alƙaluma iri uku a cikinsa kafin ta ce a buga. An jingine akwatin kwali, aka koma ambulan mai tauri da ke tafiya a matsayin wasiƙa.

Zane 12 ta fitar, duka a kan lokutan da magana ke yi wa mutane nauyi: rasuwa, doguwar jinya, ɓarin ciki, rasa aiki, saɓani tsakanin aminai, da godiya ga wanda ya yi ɗawainiyar mara lafiya. Tsofaffin huɗun an buga ɗari-ɗari, sababbin takwas ashirin da biyar-biyar, jimilla 600. Waɗanda aka buga ɗari suna cin kashi 22 na farashin sayarwa, waɗanda aka buga 25 suna cin kashi 34, bayan ta ƙara kashi 10 a kan tsohon farashi. Rubutun kowane kati yana sulusin sama. A baya akwai tsuntsun, da suna, da adireshin shafi, da lambar zane domin mai shago ya sake oda ba tare da dogon bayani ba. A cikin kowane ambulan ta saka 'yar takarda mai jimloli uku da mai saye zai iya kwafa ko ya gyara, da kuma abu ɗaya da ya fi kyau kada a rubuta, misali kada a ce wa wadda ta rasa jariri ai za ta sake haihuwa.

Ba ta koma tallar kuɗi ba. A shafinta ta rage hotunan katuna a jere, ta fara rubuta gajerun bayanai a kan abin da za a faɗa wa wanda aka sallama daga aiki, ko yadda ake fara wasiƙar neman afuwa, da hoton katin a hannun mutum. A intanet ta fifita ƙunshi mai kati biyar daban-daban, wanda za a ajiye a gida kafin buƙata ta taso. Wajen shaguna kuma ta bar zagayen masu kayan kyauta, ta nufi masu sayar da furanni, da kantunan magani, da ƙananan shagunan da ke cikin asibitoci ko kusa da su, tana ɗauke da ƙaramar kanta ta kwali mai gurbi 12 da za ta zauna kusa da wurin biyan kuɗi.

Wata na 14 zuwa na 18: yadda abin ya kasance

Ba duka ne ya yi aiki ba. Zane biyu na rasa aiki, waɗanda ta sa musu raha, kati tara kawai aka saya daga cikin 50, sai ta janye su. A wata na 15 ta gwada tsarin biyan kuɗi wata-wata a aiko wa mutum kati uku, mutum biyar suka shiga, uku suka fita bayan wata biyu suna cewa katunan sun taru musu. Wasu kantunan magani biyu sun karɓi kantar suka ajiye ta a bayan tebur inda ba mai gani, ta je ta ɗauko abinta. Tsofaffin katunan kuwa, ta sayar da kusan 700 a ƙunshi-ƙunshi ƙasa da kuɗin bugunsu, ta yanka wasu ta mayar da su 'yan takardun rataya wa kyauta, kimanin 900 kuma aka kai wurin masu sake sarrafa takarda.

A ɗaya ɓangaren, bugu na biyu ya kusa ƙarewa a cikin mako 11, aka sake bugawa sau uku kafin ƙarshen wata na 18. Shaguna 11 ne ke ɗauke da katunan a lokacin, duka a kan sari da biya nan take ko cikin kwana 30, kuma bakwai daga cikinsu sun sake oda aƙalla sau biyu. Ciniki ya tsaya a kan kati 380 zuwa 420 a wata, kusan kashi biyu cikin uku ta shaguna. Odar intanet ta tashi daga kati ɗaya zuwa matsakaicin huɗu. Ta saka tambaya a wurin biya a shafinta, ta ina ka san mu, kuma daga cikin sababbin masu saye 100 na farko da suka amsa, 38 sun ce an taɓa aiko musu da katin ne suka duba bayansa. Mabiyan shafin sun ragu zuwa 1,900.

A wata na 18 sana'ar tana biyan kuɗin kanta da 'yar riba, ta mayar da jari na biyu gaba ɗaya da kusan rabin na farko. Idan aka raba ribar a kan sa'o'in da take kashewa, bai kai abin da take samu a ofis ba, don haka tana nan a bakin aikinta.

Hukunci

Kuskuren da ya fi tsada ba sunan ba ne, ba kuma tambarin ba ne, ko da yake su ne suka fi fitowa fili. Buga kati 3,000 a kan zato shi ne ya ɗaure jarin. Rahusar da maɗaba'a ta nuna gaskiya ce idan aka raba kuɗin a kan abin da aka buga, amma kuɗin kati ana raba shi ne a kan abin da aka sayar, kuma da wannan lissafi kowane katin ranar haihuwa da ta sayar ya ci mata kuɗin bugun goma sha wani abu. Da ashirin da biyar-biyar ta buga tun farko, da littafin oda ya nuna mata zane huɗun nan a wata na 5, da kuɗi a hannunta na bin su.

A ganina duk kurakuran zagaye na farko daga tushe ɗaya suka fito, wato ta ɗauka zane take sayarwa. Saboda haka ta zaɓi siffar da ta dace da fure ba da kantar shago ko gidan waya ba, ta zaɓi kwalin da ke fito da kala ba wanda ke karɓar tawada ba, ta kuma aika tallarta ga masu son zane, waɗanda su ne mutanen da suka fi kowa iya yin katinsu da kansu. Mai sayen kati yana da wani mutum a ransa da wata magana da ta gagare shi. Haka sana'ar take tun da can ma: katin Kirsimeti na farko da aka buga domin sayarwa, wanda Henry Cole ya sa John Callcott Horsley ya zana masa a Landan a 1843 aka buga guda 1,000, an yi shi ne domin a sauƙaƙe wa mai wasiƙu da yawa wahalar rubuta kowace da hannu. 'Yar takardar nan mai jimloli uku, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ta fi tambarin farko kusa da abin da mutanen suke biya dominsa.

Taƙaita kai ga lokutan wahala ya yi aiki ne saboda dalilai biyu da ake iya gani a cikin alƙaluman. A katin ranar haihuwa tana gogayya da manyan kamfanoni masu ɗaruruwan zane da farashin da ba za ta iya kamowa ba, alhali ɓarin ciki ko godiya ga mai jinya gurbi ne da kantoci da yawa suka bari kusan fayau. Na biyu kuma, irin wannan kati ba a jefar da shi bayan mako guda, ana ajiye shi, ana juya bayansa. Mutum 38 cikin 100 da suka zo ta wannan hanya su ne hujjar cewa bayan katin shi ne filin tallarta mafi arha, kuma shi ne ta bari babu adireshi tsawon watanni 11.

Sai dai bai kamata a ɗora wa sabon suna ladar da ba tasa ba. An canza suna, siffa, kwali, farashi, maudu'i da irin shagunan da ake kaiwa duk a wata biyu, kuma tsofaffin zane huɗun sun riga sun fi sauran tafiya tun suna ɗauke da mummunan suna da kwali mai shafe tawada. Abin da sunan ya yi shi ne ya daina tare hanya, ya bar wanda ya ji labari ya iya samunta. Ita ma tallar kuɗi ba a yi mata cikakken gwaji ba, tun da an yi ta ne da saƙon da bai nufi kowa ba, a kan kaya mai ribar da ba ta isa ɗaukar nauyin talla ba. Da odar kati huɗu da kashi 22 na kuɗin bugu, lissafin zai iya fitowa daban, ko da yake tallata katin ta'aziyya ga wanda bai nema ba abu ne mai buƙatar taka-tsantsan.

Akwai kuma matsalar da nasarar ta haifar. Shaguna huɗu daga cikin bakwai masu sake oda sun nemi ta kawo musu katin ranar haihuwa da na aure, domin su ne masu tafiya kullum, kuma mai shago ya fi son ya yi hulɗa da mutum ɗaya a kan kanta guda. Idan ta ƙi, wani zai cike gurbin, wataƙila ya ture nata. Idan ta amsa da yawa, tsuntsun zai daina nufin abin da masu saye suka san shi da shi. A wata na 19 ta ba da odar zane huɗu na ranar haihuwa, ashirin da biyar-biyar, an rubuta su domin wanda ranar ta zo masa a gadon asibiti ko a shekarar farko bayan rashi, kuma shaguna biyu kawai za a kai wa na tsawon mako takwas kafin a sake buɗe littafin.